Robar da Ban Ɗaura Mata Ba

Ni mai gyaran keke ne. Rumfata tana Kagarawal, a bakin hanyar da manoma ke bi su fita gona, kuma a nan na yi mafi yawan rayuwata, tsakanin famfo da kwanon ruwan faci. Karatuna bai yi nisa ba. Abin da zan rubuta na daɗe ina juya shi a raina, saboda haka zan bi shi a hankali, in faɗe shi yadda ya faru.

Wata rana aka kira ni wani gida a GRA in duba kekunan yaran gidan. Ina tsugune ina ɗaure birki, sai na ga yara suna ta gudu cikin lambu, kowa da 'yar takarda a hannu, suna leƙa ƙarƙashin tukwanen fulawa. Na tambayi mai gadi, ya ce wasa ne, an ɓoye kyauta, takardar ce ke nuna musu hanya. A hanyar komawa gida na yi ta tunani. Yaranmu ba su da lambu, amma suna da unguwa guda, da gonaki a bayanta. Suna kuma da kekuna, ko da na iyayensu ne, irin wanda yaro ke zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe ya tuƙa a karkace.

Haka farautar keke ta fara. Yaran ne suka sa mata wannan suna. Sau ɗaya muke yi a shekara, ranar Asabar da safe, cikin dogon hutun damina. Ban yi amfani da takarda ba, don wasu ba su iya karatu ba tukuna, kuma takarda ba ta jure ruwa. Tsohuwar robar cikin taya nake yankawa siri-siri. Nakan zaɓi wurare biyar, in ajiye babban mutum a kowanne: mai shayi, tela, mai niƙa, mai wanki da guga, da masu buga bulo. Yaro in ya iso, sai mai wurin ya ɗaura masa roba ɗaya a kan kekensa, ya raɗa masa a kunne alamar wuri na gaba. A wuri na biyar ake ba da alamar inda kyautar take. Wanda ya samo ta, ya dawo rumfata da roba biyar, shi ya ci. Ba a tsallaka kwalta, ba a sauka kwari. Alƙalanci kuwa na ba maƙwabcina, wani malamin firamare da muke kira Malam, don ban so a ce ni na ɓoye ni na yanke hukunci.

Mutanen unguwa sun ɗauka don 'ya'yansu nake yi. Akwai wannan. Amma gaskiyar ita ce don yarinya ɗaya na fara, 'yata ta fari.

Iyayena Fulani ne da suka bar kiwo suka zauna a gari, amma ba su bar kunyarsu a daji ba. A gidanmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya kare shi in an yi faɗa. Haka aka yi mini, ban kuma taɓa jin cewa ba a so na ba. Ita kuma yarinyar, ga ta ta fari, ga sunan mahaifiyata aka sa mata. Sai kunyar ta zama biyu. In zan yi maganarta nakan ce wa uwarta, "Ina yarinyar nan?" Ita ma ta tashi ta san haka. Ba ta zama inda nake zaune, ba ta kirana da ƙarfi daga nesa yadda ƙannenta ke yi.

Kekenta ni na haɗa shi daga gutsattsarin tsofaffin kekuna. Na shafa masa koren fenti, na kai gida na jingina a zaure, na ce wa uwarta wani ne ya bari bai dawo ba, a ba duk wanda ke so. Ban koya mata hawa ba. Ta gefen ido na ga faɗuwarta da tashinta. In tayarta ta sace, sai ta turo keken ta jingina a jikin rumfa ta tafi, ba ta ce komai ba. Ni kuma in buga iska, in ɗan matse birki, in zuba mai a sarƙa. In ta dawo ta ɗauka, sai ta danna tayar da babban yatsa, ta yi murmushi tana kallon ƙasa. Hirarmu ke nan, ni da ita, kuma mun fahimci juna.

A shekara ta uku ta wasan tana da shekara goma sha ɗaya, kuma babu yaron da ke kamo ta a unguwar, mace ko namiji. Akwai wata sabuwar ƙararrawa da na rataye a rumfa cikin kayan sayarwa, mai sheƙi, mai zaƙin murya. Na lura in ta zo ɗaukar kekenta ta ga na juya baya, sai ta ɗan taɓa ta sau ɗaya. Wannan ƙararrawa na sa kyautar shekarar. Ba zan ɓoye ba, na san wadda za ta ci. Ba ni da hanyar miƙa mata da hannuna, sai na ɓoye ta inda za ta samo da gudunta.

Ranar wasan da sassafe aka yi wa mai wanki rasuwa a ƙauyensu, ya tafi. Shi ne mai wuri na huɗu, gindin wata tsamiya a bakin gonaki. Ban sami wanda zai maye gurbinsa ba, sai na bar Malam ya sallami yaran daga rumfa, ni na ɗauki robobin na tafi can.

Ban daɗe da zama ba sai ga surukina, mahaifin matata. Daga Gabukka ya zo, inda yake zaune a gefen gari da 'yan shanunsa, ya kawo wa 'yarsa kindirmo. Aka ce masa ina gindin tsamiya, shi ne ya biyo tare da wasu dattawa biyu abokansa. Na cire takalmi na tsuguna, muka gaisa. Suka zauna a kan saiwar tsamiyar suna hirar damina, ni ina gefe kaina a ƙasa, robobin a hannuna.

Sai na ji ƙarar sarƙar da na sani. Ita ce ta fara isowa, ita kaɗai, babu kowa a bayanta. Hijabinta ya cika da iska, roba uku suna lilo a kan kekenta.

Kakanta ya ɗaga kai ya ce, "A'a! Amaryata ce da gudu haka? Wa ya koro ki?"

Ta ce, "Tsoho, janye ƙafarka kar in taka. Farauta muke."

"Farautar me kuma? Ga ni a zaune, ai kin samu. Sauko kawai."

"Allah ya kiyaye. Me zan yi da mai haƙori uku?"

"Huɗu ne, ƙirga da kyau. Kuma ina da shanu."

Dattawan suka yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ta juyo kan keken wajena, ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa tana haki.

Kafin in ɗaura mata robar, sai na miƙe, na je gabanta, na riƙe kan kekenta, na sunkuya na yi mata raɗa a kunne. Duk a gaban surukina da abokansa. Jikina ya ƙi. Na ce a raina, bari sauran yaran su iso, sai in ɗaura mata cikin taro, babu wanda zai lura. Wallahi abin da na nufa ke nan. Ban yi tunanin cewa tsere ake yi ba, kuma jiran da nake so ta yi shi ne zai cinye abin da ta samu da guminta.

Ta jira. Ban san tsawon lokacin ba, amma ina ganin ƙafarta a ƙasa, da igiyar silifas ɗinta da aka ɗinke da zare. Ba ta ce "Baba" ba. Ba za ta ce ba a gaban kakanta, ni na koya mata haka ba tare da na taɓa faɗa ba. Da hayaniyar sauran ta fara tasowa daga bayan masara, sai ƙafar ta bar ƙasa. Ta tafi ba roba, ba alama.

Sauran suka iso, na ɗaura wa kowa tasa, na raɗa wa kowa. Da na gama, roba ɗaya ta rage. Na sa ta a aljihu.

Ko da ban ba ta alama ba, ta gano wuri na biyar. Daga baya na fahimci yadda ta yi: da safe ta ga jan laka a tayar kekena, ta kuma san a unguwarmu wajen masu bulo kaɗai ake samun irinsa. Can ta je, aka ɗaura mata roba, aka ba ta alamar ƙarshe, ta zaro ƙararrawar daga ramin wani bulo a bayan tarin. Lokacin da na iso rumfa tana tsaye a gaban Malam, ƙararrawar a hannunta, mutanen unguwa sun taru. Surukina ya riga ya shiga gida wajen 'yarsa.

Malam ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa.

Ya ce, "Huɗu nake gani. Kin je gindin tsamiya kuwa?"

Ta ɗago ta dube ni. Ina jin wannan ne karo na farko da ta dube ni ido cikin ido a gaban jama'a.

Malam ya juyo ya ce, "Mai keke, kai ne a wurin. Ta zo?"

Kalma ɗaya ake nema. Amma in na ce ta zo, zan zama uban da ya tsaya a gaban unguwa yana kare 'yarsa ta fari, yana neman a karya ƙa'idar da shi ya kafa don ta ci kyautar da shi ya ɓoye. Kuma sai in faɗi dalilin da ya hana ni ɗaurawa. Na ji idanun mutane a kaina. Na ce, "Malam, ƙa'ida ƙa'ida ce. A bi roba."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba. Ƙarya ce, na dai zaɓi kalmomin da ba za a kama ni da su ba.

Wani a cikin taron ya ce, "Kai, wannan shi ne adalci. Ko 'yarsa bai bari ba." Ta miƙa ƙararrawar ga ɗan tela, wanda ya zo na biyu. Da hannu biyu ta miƙa. Yara suka ɗauka, "Ta yanke! Ta yanke hanya!" Ta tura kekenta ta shige gida, ba ta hau ba.

Daga ranar sunanta a bakin yara ya zama mai yanke. A Islamiyya, a wajen ɗibar ruwa, a layin niƙa. Ina jin su daga rumfa. Ba ta taɓa musu ba, domin in ta musa, ni za ta ƙaryata.

Bayan mako biyu ta jingina keken don iska. Na samo wata ƙararrawa irin waccan na ɗaura mata. Ta zo ta gani, ta ɗauki keken ta tafi. Washegari na tarar da ƙararrawar a kan bencina, an kwance ta a hankali, an mayar da ƙusoshin cikin raminsu don kada su ɓata. Na gane. Ba ƙararrawa take nema a wurina ba. Robobi huɗun nan kuwa ba ta taɓa cire su ba, har rana ta fara cin su.

Na ce a raina zan gyara a wasan baɗi. Zan san yadda zan yi.

Bayan an gama girbi zazzaɓi ya kama ta. Kwana biyu a gida, kwana biyu a asibiti. A rana ta huɗu da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

Na zauna a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa. Ban yi kuka ba, ba a yi wa na fari kuka a gaban mutane. Ana ta cewa, "Dubi haƙurin bawan Allah nan." A rana ta biyu wasu yara suka zo wucewa, ɗaya ya tambayi ɗaya me ake yi a gidan. Ɗayan ya rage murya, cikin ladabi, ya ce, "Mai yanke ce ta rasu." Ba da mugunta ya faɗa ba. Sunan da ya san ta da shi ke nan. Na miƙe na shiga zaure, na tsaya ina kallon bango.

Keken na rataye shi a saman rumfa. Mutane sun nemi saye, na ce ba na sayarwa ba ne. Robar kuma na cire ta daga aljihu na sa a gwangwanin da nake ajiye ƙananan ƙusoshi. Kullum in na buɗe sai na gan ta.

Da damina ta zagayo aka yi hutu, yara suka fara tsayawa a bakin rumfa. "Baba mai keke, bana za a yi farauta?" Nakan ce sai mun gani. Ban da niyyar yi.

Wata rana bayan la'asar ina alwala a tsakar gida, ƙanwarta mai shekara takwas ta dawo daga Islamiyya da yagaggen hijabi. Uwarta ta tambaye ta, ta ce dambe ta yi da wata da ta kira ta ƙanwar mai yanke. Sai ta tsaya ta ce, "Inna, da gaske Yaya ta yanke?"

Uwarta ta ce, "Je ki cire wannan ki kawo in ɗinke."

Da yarinyar ta shiga ɗaki na ajiye buta. Na ce, "Akwai maganar da ban taɓa gaya miki ba. Ranar farauta, yarinyar nan ta zo gindin tsamiya."

Matata ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. Ta ce, "Na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Ita. A ranar. Ta ce, Inna, Baba ya gan ni, Tsoho ne yana wurin shi ya sa. Ta ce kada in yi maka maganar, za ka ji ba daɗi."

Na ce, "Shekara guda kina riƙe da wannan ba ki ce mini komai ba?"

Sai ta ɗago. Ta ce, "Me zan gaya maka wanda ba ka sani ba?"

Washegari na gaya wa yaran za a yi farauta ranar Asabar ta sama.

Na yi shirin yadda na saba. Na yanka roba, na zagaya wajen masu wurare. Mai wanki ya ce yana nan bana, na ce ya huta, ni zan sake riƙe wuri na huɗu. Na bi hanyar da ƙafa don in ga abin da ruwa ya yi mata, na tarar kwari ya ci gefen hanyar mai niƙa, sai na karkatar da ita ta bayan masallaci. Ranar Juma'a da yamma na sa kowane yaro ya kawo kekensa na duba birki. Kyautar bana fitilar keke ce. Duk wannan hannuna ya san shi, bai ba ni wuya ba.

Abin da ya ba ni wuya shi ne zuwa Gabukka. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zuwa wajen surukina da wata buƙata ta kaina ba. Na same shi a bayan gida yana ba wani maraƙi dusa. Bayan gaisuwa na tsuguna, sai ya ce, "Lafiya dai?"

Na ce, "Baba, ka tuna ranar da ka same ni a gindin tsamiya bara?"

Ya ce, "Ranar da amaryata ta ce haƙorina uku." Ya yi ɗan murmushi, murmushin ya tsaya a rabi.

Na gaya masa duka, kaina a ƙasa. Ƙa'idar roba, da jiran da ta yi, da abin da na ce wa Malam, da sunan da ya bi ta. Bai san ko ɗaya ba. Ya daɗe yana shafa wuyan maraƙin.

Ya ce, "Ashe abin da ke hannunka ke nan. Ni na ɗauka aikinka kake yi." Sannan ya ce, "Da ka tashi ka ɗaura mata, me kake tsammani zan ce? Zan dai kau da kai."



Ya ƙara da cewa, "Uwarta ita ce tawa ta fari. Ban taɓa ɗaukarta ba. Har ta girma ta bar gidan nan ban san nauyinta ba." Ya kakkaɓe dusar hannunsa. "Asabar ka ce? Zan zo."

Ranar Asabar gari ya waye da hadari amma bai zubo ba. Aka yi farauta. Na zauna gindin tsamiya ni kaɗai, duk sarƙar da na ji daga bayan masara sai na ɗago kai da sauri. Na ɗaura wa kowa. Wata yarinya 'yar mai shayi ce ta samo fitilar, Malam ya ƙirga mata biyar, aka yi tafi.

Mutane za su watse na ce a dakata. Na hau benci na sauko da koren keken. Ƙura ta rufe shi, tayoyin sun kwanta, robobi huɗun suna nan. Surukina yana zaune a kujerar da na ajiye masa, matata tana tsaye daga bakin zaure.

Na shirya magana mai tsawo, amma kaɗan ce ta fito. Na ce, "Jama'a, bara an yi kuskure a nan, kuma ni na yi shi. Mai keken nan ta zo gindin tsamiya. Ita ce ta fara zuwa. Ta tsaya a gabana tana jira, ni ne ban ɗaura mata ba, don ina jin kunya. Malam ya tambaye ni, na ƙi faɗa. Ba ta yanke ba. Ita ta ci."

Sai na ce, "'Yata ce." Na kuma kira sunanta. Ba zan rubuta shi a nan ba. Tun ranar da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba, sai ya fito wani iri, kamar ba muryata ba. Wasu dattawa suka sunkuyar da kai.

Surukina ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Ina wurin. Ta zo, ba kowa a bayanta. Har ta ce za ta taka mini ƙafa, ta kuma rage mini haƙori ɗaya a ƙirga." Wasu yara suka yi dariya, suka kama bakinsu. Ya ce, "Ku yi dariyarku, ita ma ta yi. Amma daga yau duk wanda na ji ya kira amaryata da wancan suna, ni da shi ne."

Malam ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Ni na yanke hukuncin nan."

Na ce, "Ni ka tambaya, Malam. Kai ka yi daidai."

Ɗan tela yana tsaye da kekensa, na ga ya fara murɗa ƙusar ƙararrawar da farce. Na ce, "Bar ta, ɗana. Ba ka yi laifi ba. Amma in an tambaye ka, ka faɗi wadda ta fara samo ta."

Ya ce, "To, Baba." Idonsa ya kawo ruwa.

Na buɗe gwangwanin na ɗauko robar. Shekara guda ta bushe, ta tsattsage. Na zagaya ta a kan keken, ina ja don in ƙulla sai ta tsinke. Na tsaya da guntu biyu a hannu, ban san abin da zan yi ba. Ƙanwarta ce ta matso ta danne ɗaya da yatsa, na samu na ƙulla shi, ɗan guntu ne, da kyar ya zagaya. Ta ƙirga da ƙarfi yadda Malam ke yi. Ta ce, "Biyar."

A nan na kasa. Na juya baya ga mutane, amma sun gani.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Bayan kwana biyu wani dattijo ya tsaya a rumfa ya ce mini abin da ya wuce ya wuce, bai kamata namiji ya tsaya a gaban surukinsa yana irin wannan ba. Na ce masa na ji. Ban yi masa musu ba, don na san inda ya tashi, nan na tashi ni ma. Har yau ban ce kunya mugun abu ba ce. Na dai san akwai ranar da ta sa na bar yarinya tsaye da ƙafa ɗaya a ƙasa.

Sunan bai mutu nan take ba. Wani lokaci yaro yakan yi suɓul da baka, sai in ji wani ya ce masa, "Kai, ba ta yanke ba, ita ta ci." Ƙanwarta ba ta sake dawowa da yagaggen hijabi ba. Na yi wa keken faci, na sassauke sirdin na ba ta, da hannuna na miƙa mata. Na ce robobin kada a cire.

Wannan shi ne abin da na iya gyarawa, kuma na masu rai ne. Ita ba ta ji ba. Ta tafi da sanin cewa na gan ta, ta kuma yi mini uzuri tun kafin in nema, amma ba ta ji na faɗa ba. Ina roƙon Allah ya jiƙanta, ya yafe mini.

In ƙanwarta ta jingina keken a jikin rumfa ta ce, "Baba, iska," nakan buga, in matse birki, in zuba mai. Kafin in miƙa mata nakan taɓa guntun nan na biyar in ji ko yana nan. Rana tana cinsa, na san wata rana zai faɗi. Yau da safe dai na taɓa, yana nan.